Na'urar da Za Ta Kai Shekara Uku: Zaɓen Waya da Kwamfuta a Ƙasar Zuru

Masarautar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, kuma ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu wadda ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, inda Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suke zaune tare da Fakkawa da Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani, mafi yawansu suna rayuwa a kan noman dawa da masara da gero da shinkafa. A cikin shekaru ashirin da suka wuce na'urorin zamani sun shiga rayuwar wannan jama'a ta ƙofofi da yawa, domin rajistar jarrabawa da karɓar kuɗi daga ɗa ko ƙane da ke bakin aikin soja a nesa da tantance mai jefa ƙuri'a duk sun koma hannun na'ura. Tunda haka ne, an wuce zancen ko ana bukatarta. Abin da ya rage shi ne wace iri ce ta dace da wurin, kuma wannan tambaya ce da magidanci mai neman waya da shugaban makaranta mai neman kwamfutoci da jami'in gwamnati mai rattaba hannu a kan kwangila suke amsawa kullum, sau da yawa ba tare da sun lura cewa tambaya ɗaya ce ba.

Masana suna kiran wannan fage da sunan fasahar da ta dace, kuma an fi danganta asalin tunanin ga masanin tattalin arziki E. F. Schumacher, wanda ya kafa ƙungiyar bunƙasa fasahar tsaka-tsaki a Ingila a 1966, sannan ya wallafa littafinsa Small Is Beautiful a 1973. Abin da yake nufi shi ne kayan aikin da aka ƙera ko aka zaɓa bisa la'akari da kuɗin mutanen da za su yi amfani da su, da ƙwarewar da ke hannunsu, da yanayin ƙasarsu, wato abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa daidai ruwa daidai tsaki. Arewacin Najeriya yana da nasa misalin da ya shahara a duniya, wato tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu domin tururin da ke fita ya sanyaya kayan miya ba tare da lantarki ba, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Kwamfuta ta bambanta da tukunya ta fuska ɗaya mai muhimmanci, domin babu maginin da zai gina ta a Dabai ko Rikoto. Daga waje ake kawo ta, saboda haka duk hikimar da ta rage wa mutumin Zuru tana wajen zaɓe ne.

Abu na farko da ke yanke hukunci a wannan zaɓe shi ne wuta. Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna tare da Sakkwato da Zamfara, kuma ko da yake tafkin madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya miƙo har Yawuri a cikin jihar, wutar da ke isa garuruwa ba ta da tabbas, ƙauyuka da yawa kuma ba su da turken lantarki ko ɗaya. Janareta, wanda ya daɗe yana rufa asiri, ya zama abin da ake tayarwa da lissafi tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A irin wannan hali ƙarfin da na'ura ke ja, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira wat, ya fi saurinta muhimmanci. Kwamfutar tebur tare da allonta tana jan kimanin wat 100 zuwa 200, kwamfutar tafi-da-gidanka tana jan 30 zuwa 60, waya kuwa a lokacin caji ba ta cika wuce 10 zuwa 20 ba, ƙaramar waya mai madannai ma ƙasa da haka sosai.

Ana ganin nauyin wannan bambanci idan aka yi lissafin ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare. Kwamfutocin tebur ashirin, idan kowace tana jan wat 150 na tsawon awa shida, za su sha kimanin yunit 18 na wuta a rana, alhali kwamfutocin tafi-da-gidanka ashirin masu jan wat 40 ba za su kai yunit 5 ba. Faifan sola mai ƙarfin wat 400 yana ba da abin da bai wuce yunit 2 a rana ba ko da a ƙasa mai yalwar rana, wanda ke nufin ɗakin farko yana bukatar faifai wajen goma da manyan batura da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, na biyun kuwa uku ko huɗu sun ishe shi. Bayan haka kowace kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗauke da batirinta, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta kashe ta nan take ta tafi da aikin ɗalibi. Duk da wannan lissafi mai sauƙi, kwamfutar tebur ce aka saba gani a kyaututtukan hukumomi da na 'yan siyasa, kuma mai yiwuwa dalilin bai rasa nasaba da cewa ita ce ta fi cika ido a hoton ranar buɗe ɗaki.

Yanayi shi ne abokin gaba na biyu, kuma yana aikinsa ne a ɓoye. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai ko ya kusanci digiri 40, kuma sanannen abu ne ga masu harkar sola cewa batirin dalma, irin wanda aka fi sakawa a gidaje saboda araharsa, yana rasa kusan rabin tsawon rayuwarsa a duk ƙarin digiri goma a kan digiri 25, saboda haka batirin da takardarsa ta ce zai yi shekara biyar yana iya mutuwa a shekara ta biyu idan aka ajiye shi a ɗakin kwano marar iska. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan da fankar kwamfuta ke jan iska, ta toshe su har na'urar ta riƙa kashe kanta saboda zafi, damina kuma tana zuwa da tsawa wadda ke bi ta wayoyin lantarki ta ƙona caja da inbata. Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan, wadda ta yi aikin koyar da kwamfuta a karkarar kudancin Kaduna, ta ci karo da wannan matsala tun a shekarun 2000, har ta shiga aikin ƙera wata kwamfuta mai suna Solo wadda ba ta da fanka kuma take aiki da hasken rana. Darasin da ke ciki ya tabbata daga baya: na'urar da ba ta da sassa masu juyawa ta fi jure wa ƙasar nan. Shi ya sa ma'ajiyar bayanai ta zamani da ake kira SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa a cikinta, ta fi tsohuwar dacewa da jakar da za ta sha girgizar babur a hanyar Ribah ko Mahuta.

Idan aka duba tarihin abin da ya karɓu a hannun jama'a ba tare da wani ya raba shi kyauta ba, za a ga cewa kasuwa ta riga masana gano waɗannan abubuwa. An fara sadarwar GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma wayar da ta mamaye karkara a shekarun farko ita ce Nokia 1100, wadda ta fito a 2003 aka sayar da fiye da miliyan 200 nata a duniya, saboda tana da tocila a kai, madannanta a rufe suke ƙura ba ta shiga, cajinta kuma yana kwanaki. Bayanta kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da itel da Infinix, ya ture manyan kamfanonin duniya a kasuwar Afirka da dabaru masu kama da haka. Ya sa gurbin layi biyu ko fiye a waya ɗaya, domin ya lura cewa mutum yana riƙe da layin MTN da na Airtel ko Glo saboda wanda ke kamawa a gida ba lallai ya kama a gona ba; ya ƙara girman batir, ya gyara kyamara ta riƙa fito da fuskar baƙar fata da kyau, ya ƙara ƙarfin sifika, sannan ya buɗe cibiyoyin gyara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira babban ƙirƙire, amma kowanne amsa ce ga wata damuwa ta ainihi, kuma a kewayen wayar sana'o'i suka tsiro da kansu: mai shagon caji da ƙaramin janaretansa ko faifan sola, mai tura waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a memori, da mai gyara da ke zaune da teburinsa a bakin kasuwa.

Wannan mai gyara shi ne ma'aunin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganin mai nazari shi ne ya fi kowanne nauyi. Kowace na'ura za ta lalace, allo zai fashe, bakin caji zai saki, batir zai kumbura, abin da ke raba na'urar da ta dace da wadda ba ta dace ba shi ne abin da ke faruwa washegarin lalacewar. Wayar da sassanta ke cike da kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja a Legas, waɗanda daga can suke gangarowa zuwa Kontagora da Zuru, za ta dawo aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wadda aka kawo daga wani kamfani da babu wanda ya san shi za ta kwanta a akwati har abada saboda ɓacin abin da bai kai kuɗin kwanon dawa biyu ba. Haka abin yake ga kwamfuta. Waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, irin su ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook, ana kwance su da sukundireba a canza musu batir ko madannai ko a ƙara musu ƙwaƙwalwar aiki, yayin da sirara masu sheƙi da yawa an manne sassansu ne ta yadda ɓacin ɗaya ke nufin jefar da duka.

Shirin da ya fi kowanne nuna abin da ke faruwa idan aka fara da na'ura kafin a dubi wuri shi ne na bai wa kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya sanar a 2005 da alkawarin kwamfutar dala ɗari. A fuskar ƙira an yi ƙoƙari ƙwarai, domin na'urar tana jure faɗuwa da ƙura, allonta yana karantuwa a cikin rana, wutar da take ja kuma kaɗan ce, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada ta, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007. Sai dai farashinta ya tsaya kusa da dala 200, babban cinikin da aka sa rai daga Najeriya bai tabbata ba, kuma a ƙasar Peru, inda aka raba dubban ɗaruruwa, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazon yara a lissafi ko karatu ba. Masu shirin sun ɗauka cewa yaro zai koya da kansa idan aka miƙa masa na'ura, sai aka bar malami a baya ba horo, aka bar gyara da caji ba tanadi. Jihar Osun ta gwada nata salon a 2013 da allon hannu mai suna Opon Imo, wanda aka loda wa littattafai da tambayoyin jarrabawa domin ya yi aiki ba tare da intanet ba, tunani mai kyau a kansa, amma shi ma bai zama abin da ya ɗore a azuzuwa ba. Kasafin kuɗin irin waɗannan shirye-shirye yakan ƙare ne a ranar saye, alhali kuɗin na'ura na gaskiya ya haɗa da wutar da za ta sha da batirin da za a canza da albashin wanda zai kula da ita na tsawon shekaru.

Sai batun sabis, wanda a ƙasa mai duwatsu kamar Zuru yake da taurin kai, domin tsauni ɗaya yana iya raba ƙauyen da ke kallon bidiyo da wanda sai an hau tudu kafin a yi kira. Sadarwar zamani ta biyu, wato 2G, ita ce ta fi yaɗuwa a karkara, kuma tana ɗaukar murya da gajeren saƙo da lambobin nan masu farawa da tauraro da ake kira USSD, waɗanda bankuna ke amfani da su wajen tura kuɗi da duba asusu; 4G ce ke ɗaukar bidiyo da manhajoji masu nauyi, amma ta fi tsayawa a garuruwa da manyan hanyoyi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya nuna darajar hanya mai sauƙi, domin mai ƙaramar waya da ya haddace lambar bankinsa da mai POS na bakin kasuwa su ne suka riƙe ciniki a wurare da dama. Ƙasar Kenya ta riga ta nuna haka tun 2007 da tsarin M-Pesa, wanda aka gina shi kacokan a kan ƙaramar waya. Najeriya ma ta gwada a harkar noma daga 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, lokacin da aka riƙa aika wa manoma saƙon waya domin su karɓi taki a kan rabin farashi, kuma babban ƙorafin da aka yi ta yi a kan shirin shi ne yankewar sabis a wuraren rabon, abin da ke nuna cewa ko fasaha mafi sauƙi tana da igiyar da ta rataya a kai.

Rashin tsaro ya ƙara wa wannan lissafi wani nauyi da littattafan fasaha ba su cika ambata ba. Danko-Wasagu tana iyaka da Zamfara, inda a watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa na jihar baki ɗaya a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga, kuma turakun sadarwa na karkara suna aiki ne da man dizal wanda sai an kai shi ta hanyoyin da ba kullum ake iya bi ba. Mutumin da ya taɓa barin gidansa da dare ya san cewa waya tana shiga aljihu, kwamfutar tafi-da-gidanka tana shiga jaka, ɗakin kwamfuta kuwa a nan ake barinsa.

Saboda haka tsarin da ya dace da asibitin karkara ko makaranta ko ofishin malamin gona shi ne wanda ke aiki ko babu intanet, ya adana abin da aka shigar, ya aika idan sabis ya samu. An yi amfani da irin wannan a yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Arewa, inda ma'aikata suka riƙa ɗaukar wayoyi masu nuna wuraren da suka taka da masu ɗauke da fom na cikewa, bayanan kuma su tafi idan an dawo gari, kuma yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kuɓutar Najeriya da nahiyar Afirka daga ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. A fagen ilimi akwai wata dabara da asalinta ke da alaƙa da Arewacin Najeriya, domin wani malami Ba'amurke mai suna Cliff Missen, bayan ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990 ya ga wahalar intanet, ya fito da tsarin kwafe miliyoyin shafuka da littattafai a ma'ajiya ɗaya a kai wa makaranta, aka sa masa suna eGranary, wato rumbun zamani. Sunan zai zauna daram a kunnen mutumin Zuru, wanda ya san cewa ana cika rumbu da kaka ne domin a ci a lokacin da gona ba ta bayarwa. Yau ana yin irin wannan da ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu da ake kira Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35 kuma take jan wat kaɗan: a loda mata kundin Wikipedia ta manhajar Kiwix da darussa ta manhajar Kolibri, ta riƙa watsa su ga wayoyi da kwamfutocin da ke cikin aji ba tare da an sayi data ko ta naira ɗaya ba. Muhimmancin wannan ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025.

A nan ne ya kamata a yi hattara da wani kuskure da ke fakewa a bayan kalmar dacewa, wato a ɗauka cewa mutumin karkara ƙaramar waya ta ishe shi har abada. Hukumar JAMB ta fara jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, hukumar WAEC ma ta soma bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje, kuma yaron da bai taɓa ɗora yatsunsa a kan madannai ko ya riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana shiga ne da nauyi biyu, na tambayoyi da na na'ura, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Shafa allon waya ba ya koyar da buga rubutu, ba ya koyar da tsara lissafi a jadawali, ba ya koyar da rubuta manhaja. Zuru tana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa a 2020 a mazaunin tsohuwar kwalejin aikin gona ta garin, kuma ɗalibin da ke nazarin ƙasa ko kiwo ko tattalin arzikin noma yana bukatar kwamfuta mai ƙarfin da za ta sarrafa alƙaluma da taswira kamar takwaransa na Zariya ko Ibadan. Ga irin wannan cibiya, intanet ta tauraron ɗan'adam kamar Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, tana iya zama abin da ya dace duk da tsadarta da wutar da take ja, matuƙar mutane da yawa ne za su raba kuɗin. Abin da ya dace da mai sayar da hatsi a kasuwar Bena daban ne da abin da ya dace da ɗakin bincike, ko da garuruwan suna masarauta ɗaya.

Ga ɗalibi ko malami mai ƙaramin ƙarfi, hanyar da ta rage ita ce kwamfuta ta hannu, musamman tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 sabuwa ta gagari mutane da yawa. Kasuwar kayan hannu tana da alheri da sharri. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya bayyana cewa kaso mai yawa na tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Legas tarkace ne da ba sa gyaruwa, kuma har yau mai saye yana bukatar wanda ya sani ya duba masa lafiyar batir da madannai da ma'ajiya kafin ya biya, domin araha ba ta ado. Akwai kuma sabon tarko, domin kamfanin Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wanda ke nufin za su yi ta kwararowa kasuwannin Afirka da arha suna ɗauke da manhajar da ba a ƙara toshe mata kafofin ɓarna. Mafita ɗaya ita ce Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, tare da LibreOffice domin rubutu da lissafi. Amma gaskiya ita ce masu gyara da cibiyoyin koyar da kwamfuta a garuruwan Arewa Windows suka sani, kuma ma'aunin mai gyara yana aiki a kan manhaja kamar yadda yake aiki a kan ƙarfe. Ko na'urar buga takardu tana da nata ciniki: mai amfani da tawada ba ta jan wuta amma tawadar tana bushewa a zafi idan an kwana biyu ba a buga ba, mai amfani da hoda kuwa tana jure ajiya amma tana fizgar wutar da ƙaramin inbata ba ya ɗauka.

Jikin mai amfani ma yana cikin lissafi. An san Dakarkari da ƙarfin noma, har al'adar golmo ta ginu a kan saurayi ya shafe shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma hannun da ya daɗe yana riƙe da garma zanen yatsunsa yakan shafe. Na'urar tantance masu zaɓe ta 2015 ta dogara ne da zanen yatsa kaɗai, ta kuma ba da wahala a wurare da yawa, har ta kasa karanta na Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke a ranar zaɓe, BVAS da ta gaje ta kuwa an ƙara mata tantance fuska, gyaran da ya fi amfanar manomi da tsohuwa fiye da ma'aikacin ofis.

Harshe ne wurin da tazarar ta fi faɗi. Hausa ta samu gurbi daidai gwargwado, domin Google ya sa ta a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da ita a 2016, madannan wayoyin Android kuma suna iya fito da haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ga wanda ya san inda zai kunna su, ko da yake jerin umarnin bankuna da fom na hukumomi har yanzu Turanci ne ya fi yawa a cikinsu. Amma ga jama'a da yawa a ƙasar Zuru Hausa harshen kasuwa ne da hulɗa, harshen gida shi ne C'lela ko na Fakkawa ko na Dukawa ko na Kambari, kuma waɗannan ba sa cikin jerin harsunan da waya ke zuwa da su, manyan manhajojin fassara ma ba su ɗauke su ba. Abin da ya cike wannan giɓi ba shiri ba ne na wata hukuma. Saƙon murya na WhatsApp, wanda aka ƙara a manhajar a 2013, ba ya tambayar mutum ko ya iya karatu ko da wane harshe zai yi magana, yana tafiya ko da sabis mai rauni ne, yana kuma jira a waya har a samu sukunin saurare. Ta wannan hanya ce uwa a Dirin Daji take jin muryar ɗanta da ke bariki a Maiduguri cikin harshen da ta rene shi da shi, ta ita ce kuma waƙoƙin bikin Uhola, waɗanda matasa ke ɗauka da wayoyinsu a filin taro, suke isa ga 'yan ƙasar da ke zaune a Kaduna da Legas kafin a watse.